Ihun da Na Yi a Ɗaurin Auren Nahuce

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Asabar ce bayan an gama girbi, ranar da muka je Nahuce ɗaurin auren ƙanena Sanusi. Ko da na so in manta ma, mutanen kasuwar hatsi ba za su bar ni ba.

Ni dillalin hatsi ne. Da tiya ɗaya na fara awon gero a kasuwar Tsafe, yau kuwa motoci nake lodawa daga 'Yandoto da Wonaka zuwa Gusau. Boko a aji shida na ajiye shi. Abin da aka san ni da shi a harka shi ne rashin firgita. An taɓa buga mini waya cewa mota ta kife da masarata a hanya, na tambaya ko direba na da rai, aka ce lafiyarsa lau, na ce to a bari in ƙarasa cin abinci. Ana ba da wannan labarin, ni ma (gaskiya ɗaya ce) ina jin daɗin a ba da shi.

Wannan sunan nawa shi ya samo wa Sanusi mata. Baffan yarinyar, Alhaji Buba, dattijon Bafulatani ne mai shanu da gona, kuma shi ne waliyyinta. Bai so ya ba Sanusi mai gyaran waya 'yarsa ba, don a wurinsa wannan ba sana'a ba ce, wasa ne da ƙarafuna. Kusan shekara ina zarya gidansa. Ranar da ya amince, sai da ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Alhaji, ba yaron na ba ba, kai na ba. Gidan da ke da babba mai natsuwa irinka, ɗiyata ba ta wulaƙanta." Mahaifinmu ya rasu, ni ne uba, ni ne wakilin ango.

To, ana gobe ɗaurin auren da la'asar, na shigo gida na tarar da ƙauri ya cika tsakar gida. 'Yata Rukayya aka bar wa tukunya, ita kuwa ta duƙufa kan wani ɗan littafi, wake ya ƙone ƙurmus. Na fizge littafin, na yi faɗan da ya kamata, na cusa shi a aljihun babbar rigar da ke rataye a ƙofar ɗakina. Rigar da zan sa gobe ke nan. Daga nan na manta da shi.

Da safe abokina Alhaji Bala ne ya ja mu a motarsa. Mun bar Gusau mun kama hanyar Bungudu, na sa hannu aljihu neman goro, sai na ji takarda. Na zaro. A bangon an zana wani dogon mutum marar fuska, hannunsa ya miƙo daga cikin shafin littafi kamar reshen busasshen icce. Na yi tsaki. Na buɗe ne kawai in ga wace irin shiririta ce ta cinye mini tukunyar wake.

Abin da ya fara kama ni, Turancin ne. Ni da takardar banki ke sa ni gumi, sai ga shi ina wuce layi bayan layi ba tuntuɓe. (Daga baya na gane dalili, kuma za ku ji shi a inda na ji shi, a gaban jama'a.)

Labarin wani yaro ne da ya haukace a kan littattafan zane, irin waɗanda labari ke tafiya cikin hotuna, magana na fitowa daga bakin mutum a cikin ɗan da'ira. Shi da abokansa sun kafa ƙungiya. Suna tara su fitowa bayan fitowa, suna sa kowanne a leda, ba mai taɓawa da hannun mai, suna musu har da faɗa a kan wane jarumi ya fi wane. Akwai fitowa ɗaya da kowa ke nema ba a samu, don an ce kaɗan aka buga aka janye. Nan na gyara zama. Na ce a raina yaron nan ɗan kasuwa ne, ya san kayan da ya yi ƙaranci shi ke da daraja. Da shi ya zo rumfata, da na ɗauke shi aiki.

Sai ya samu littafin a ƙasan kwalin wani tsoho. A hoton farko akwai taron mutane, can bayansu wani dogo marar fuska yana tsaye. Yaro ya rufe, ya je ya ci abinci, ya dawo ya buɗe. Dogon ya matso. Ya kira abokansa, suka ce su ba su ga kowa ba.

"Alhaji, lafiya? Tun ɗazu nike magana," in ji Bala.

Na ce ina duba wata takarda ce. Ya ce to Allah shi taimaka.

Mun isa Nahuce wajen ƙarfe sha ɗaya. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan Alhaji Buba, mutane sun cika, Fulani da sandunansu, manoma, mutanenmu na Gusau da babura. Aka zaunar da ni a gaba, ga babban faranti na goro da dabino a gefena. Sai aka ce Liman ya tafi jana'iza wani ƙauye, a ɗan jira.

A nan ne mai hankali zai bar littafi a mota. Ni kuwa na shigo da shi. Na janyo hannun babbar riga na rufa a cinya, na sunkuyar da kai, na buɗe a ciki. Na ce shafi biyu kawai, in ga ko yaron ya ƙona littafin. Ya ƙona shi. Da ya koma ɗaki, ga shi a kan gado, cikin ledarsa.

Ni idan ina karatu bakina na motsi, haka na koya. Sai na ji wani dattijo a bayana yana ce wa na kusa da shi, "Ka gani ko? Kowa na surutu, shi yana lazimi. Buba ya yi dacen surukai." Wallahi na ji shi. Kunya ta ɗan taɓa ni, amma ban rufe ba, don a lokacin hotunan sun daina nuna taron mutane, sun koma nuna ɗakin yaron. Ga gadonsa, ga takalminsa, ga shi kansa an zana yana riƙe da littafi. Dogon yana bakin ƙofa.

Ban ji zuwan Liman ba. Ban ji an yi salati ba. An ce har hannu na ɗaga aka shafa fatiha da ni, ni dai ban san na yi ba. Gumi yana bin bayana. Yaro ya juya shafi, dogon yana bayan kujerarsa. Ya sake juyawa, shafin fari fat, ba kowa. Yana cikin ajiyar zuciya, sai wasu yatsu masu sanyi suka fito daga takardar suka kama wuyan hannunsa.

Limamin Nahuce yana da wata al'ada da ban sani ba. Kafin waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, shi da kansa yake kamo hannun wakilin ango ya sa a cikin na waliyyi. Kuma bawan Allah ya sabunta alwala da ruwan randa kafin ya zauna.

Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannuna.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ba salati na yi ba, da ma salati ne da da sauƙi. Ihu ne siriri, mai tsawo, irin na akuyar da aka taka. Na fizge hannu na yi tsalle, ƙafata ta daki farantin, goro da dabino suka tashi sama. Liman ya kife baya, rawaninsa ya warware.

Duk wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san ba a ihu a taro. Ba wanda ya tsaya tambaya. Kafin goron ya gama zubowa, tabarmi sun zama wayam. Wasu sun faɗa cikin karan dawa, wasu sun haura katanga, wani ya tayar da babur ya bar wanda ya kawo. A cikin gida mata suka sa kuka, ana ta kiran sunayen yara. Dattijon da ya yabi lazimina, da na waiga, ƙurar gudunsa kawai na hango, sandarsa na nan inda ya bar ta. Ango da kansa sai bayan rumbu aka samo shi.

Mutum uku ne ba su motsa ba: Liman da ke ƙasa, Alhaji Buba da ke zaune kamar an dasa shi, da ni da nake tsaye ina haki. Littafin kuwa yana tsakiyar tabarma, bango a sama.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin mutane su dawo, ɗaya bayan ɗaya, kowa na kakkaɓe riga yana harare-harare. Bala ya matso kunnena. "Ka ce kunama ce," ya raɗa mini. Bai jira ni ba ya ɗaga murya, "Jama'a, kunama ce ta harbi Alhaji! A ɗaga tabarmi!" Har wasu sun fara ɗagawa.

Alhaji Buba ya miƙa hannu ya ɗauki littafin. Ya juya shi, ya daɗe yana kallon dogon nan marar fuska. Shi bai yi boko ba. Abin da ya gani shi ne wakilin ango ya ɓoye takarda mai hoton aljani a cikin riga, yana ta motsa baki a kanta a ƙofar gidansa, ranar auren 'yarsa. Na ji ana ƙus-ƙus a baya, na kuma ji kalmar da aka faɗa: asiri.

"Alhaji," ya ce a hankali. "Wanga mine ne? Mi kake karanta muna?"

Na dubi Sanusi, ya dawo ba hula, idonsa ya kawo ruwa. Shekara guda ta zarya ce a hannun tsohon nan. Na auna abin kamar yadda nake auna kaya. In na ce kunama, littafin bai da bayani, asiri ya tabbata, aure ya tashi. In na faɗi gaskiya, ni kaɗai na tashi.

Na ce, "Baffa, ba kunama ba ce. Littafin ɗiyata ne, tatsuniya ce ta ban tsoro. Ina karantawa ne Malam ya kama hannuna, na tsorata."

"Tatsuniya."

"Tatsuniya, Baffa."

Ya kira wani ɗan'uwansu malamin firamare ya miƙa masa. Malamin ya duba gaba, ya duba baya, ya buɗe tsakiya. Na ga kumatunsa na rawa. Ya ce, "Baffa, gaskiya ya hwaɗi. Labarin yara ne masu son littahin hotuna." Da ya tsaya nan da ya yi mini alheri. Sai ya ƙara, da murya irin ta aji, "An ma rubuta a baya, na 'yan shekara tara zuwa sha biyu ne."

Ina da shekara arba'in da bakwai. Ina da furfura a gemu, na je Makka.

Wani ya fara dariya daga can baya, sai ta kama ko'ina. Har waɗanda ƙaya ta soke a gona suna yi suna ɗingishi. Liman yana naɗa rawani yana cewa, "Ni dai hannu na kama, jama'a ku shaida." Alhaji Buba kaɗai bai yi ba, kuma shi kaɗai nake kallo.

Ya ce, "Na ga lokacin da littahin ya hwaɗo daga rigarka. Da ka bi abokinka ka ce kunama, da yanzu na sallami mutanena." Ya juya ga jama'a. "Matsoraci ana zama da shi. Yaro bai yi mini komi ba, a ɗaura. Amma a samo wani ya karɓa, kar Malam ya sake shan ƙasa."

Haka aka yi. Bala, mai ƙaryar kunama, shi ya zauna a wurina aka sa hannunsa a na waliyyi. Ni kuwa aka ce in je ƙofar zaure in ba mata haƙuri, don amarya har ta shiga ƙarƙashin gado. Na tsaya ina sallama da babbar riga, wata tsohuwa ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne? Da gemunka?" Daga can na jiyo ana cewa an ɗaura, Allah shi ba da zaman lafiya. Auren ƙanena, daga bakin zaure na shafa fatiharsa. Bayan nan na taya tsintar goro a cikin ƙasa da haɗa takalman da suka rabu da 'yan'uwansu.

Kafin Litinin labari ya riga ni isa kasuwa. Har yau akwai mai shago a layinmu da in zai gaishe ni sai ya tsaya nesa ya ce, "Alhaji, zan miƙo hannu, nawa ne, na mutum ne."

Littafin na ƙarasa shi, ba zan ɓoye ba. A rumfa, da rana tsaka, bayana jingine da buhuna. Sanusi da matarsa suna nan lafiya, an ma samu ƙaruwa, kuma da aka zo suna ba wanda ya ce in zauna a gaba.

Abin da na koya bai da yawa. In an ce maka ba ka da tsoro, kar ka yi saurin yarda, wataƙila naka tsoron bai zo kasuwa ba tukuna. Nawa a bugun yara ya zo, kuma a ranar da aka fi cika.