Fatar Birkin Janar Madubi

Duk wanda bai san Mang Crispulo ba, to bai taɓa hawa babur mai ƙafa uku a Santa Ines ba. Shekara tara yana shugabancin ƙungiyar direbobi arba'in, kuma a bakinsa shi ya koya wa tudun garin gangara. Madubi goma sha ɗaya ne a babur ɗinsa, ba ko ɗaya da ke kallon hanya. Shi ya sa yaransa ke kiransa Janar Madubi, shi kuma ya karɓi Janar ɗin, ya bar musu sauran.

Ranar Lahadi ake sa wa babura albarka. Kowace shekara direbobi kan gangaro a jere, shugaba a gaba, su tsaya ƙofar coci Fada Anselmo ya yayyafa musu ruwa. Ana gamawa, a nan harabar ake ɗaga hannu a zaɓi shugaba. Bana kuwa Berting, wani direba shiru-shiru, ya ce shi ma yana so. Janar ya yi dariya har madubai suka girgiza.

Sai ga birki ya fara kuka ran Juma'a. Janar ya sa farar riga ya nufi shagon Aling Petra mai kayan babur.

Ta miƙo masa baƙar fatar birki. "Ga ta masu ɗaukar nauyi, Mang Crispulo. Ita kowa ke sakawa, har Berting."

"Har wa?" Janar ya ja baya kamar an miƙo masa kunama. "Aling Petra, kin taɓa ganin zakara da kaza sun sha ruwa a ƙoƙo ɗaya? Shugaba ba ya taka abin da mabiya ke takawa. Sauko mini da waccan mai ruwan zinare!"

"Ta 'yan tsere ce. Sai ta yi zafi take kamawa, kai kuwa gudunka agwagwa ma ta fi ka."

"Ni injiniya ne tun a ciki!"

"To, injiniya, ta baya fa? Ta cinye har ƙarfe."

"Ta baya wa ke ganinta?"

Aling Petra ta naɗe masa kayansa. Wanda bai ji bari ba, ai zai ji hoho.

Aka ɗaura zinariya a gaba. Bakanike ya ce a zaga gari a gwada, Janar ya ce ƙura za ta ɓata ƙyalli. Turo babur ɗin aka yi har gida, aka rufe shi da zanen gado.

Lahadi ta zo da ganguna da tutocin takarda. Janar ya ɗora lasifika biyu, surukarsa, ƙannen matarsa uku da tukunyar taliya ta masu zaɓe. Ya riƙe makirfo a hagu, ya saki babur a gangara.

"'Yan'uwana direbobi! Shugabanci haƙuri ne! Shugaba na gari ya san inda ya dosa..."

Ga coci. Ga Fada Anselmo da bokitinsa. Janar ya matse birki da yatsa biyu, cikin isa. Ya ƙara da huɗu. Ya taka na baya, ƙarfe ya ce ƙiiii, babur ya ce ban ji ba.

"...kuma ya san... Berting! Abokina! Tare ni!"

Lasifika ba ta da sirri, duk gari ya ji. Fada ya watso ruwa da sauri, ya sami surukar a ido. Janar ya wuce coci, ya wuce kasuwar kifi, ya wuce gidan aski, har yanzu yana watsa shiri kai tsaye: surukar na kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, tana haɗawa da kakannin Janar. A ƙarshen titi akwai kududdufin da ɓaunar noman Mang Isko ke kwanciya da rana. Ɓauna ta ɗan matsa, ta ba baƙi wuri.

Sanda ya iso harabar coci, taliya a kafaɗa, taɓo har kunne, hannaye talatin da tara sun riga sun zaɓi Berting sun sauka. Sabon shugaba na ta gaisawa da jama'a.

"Da gangan na yi!" in ji Janar. "Darasi ne ga matasa kan haɗarin gangara!"

Aka tafa masa sosai, don an daɗe ba a ga darasi mai daɗi haka ba.

Da yamma bakanike ya kwance fatar birkin, ya ɗaga ta sama. Tana nan sabuwa fil, ko ƙwarzane babu, sai ƙyalli. Aling Petra ta leƙo, ta dubi fatar, ta dubi tsohon shugaba.

"Ajiye masa ita," ta ce. "Shekara tara direbobi na da irinta a ƙungiya."