Ranar da Na Sa wa Gyale Albarka

Ko zan manta komai na zaman aikin gadi da na yi a Doha, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a lokacin gasar cin kofin duniya ba.

A lokacin kullen korona na fara bin addu'ar safe ta waya tare da limaman cocinmu na Katolika, masu doguwar riga ruwan ƙasa da igiya a ƙugu, waɗanda suka bar aure da dukiya suke zaune gida ɗaya. Da aka buɗe gari, na shiga ƙungiyar mabiya da ke taya su hidima. An ce sai na yi shekara biyu kafin in ɗauki alkawari. Aikin da aka ba ni shi ne jera kujeru.

Ni kuwa gani nake na wuce jera kujeru. (Ina da mata da yara uku a Kafanchan, amma hakan bai hana ni jin cewa Allah ya kira ni ba.) Na sayi yadi ruwan ƙasa, na kai wa Baba Isa, wani tela mutumin Kumasi a unguwar Al Muntazah. Ya auna ni yana murmushi, ya ce, "Maigadi, ka zama Fada ke nan?"

Na ce, "Jallabiya ce kawai."

"Jallabiya da igiya? To, khalas, shi ke nan."

A wannan Juma'ar, wadda ita ce ranar hutu a can, coci ya cika da baƙi 'yan kallon ƙwallo. Ina tsaye a bakin ƙofa sanye da sabuwar rigata da igiyarta, hannuwana a cikin hannun riga, sai wata tsohuwa Baturiya ta miƙo mini gyalen ƙungiyar ƙasarsu, ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta ishe ni in faɗa mata gaskiya. Maimakon haka na ɗora hannu, na lumshe ido, na yi addu'a da Hausa. Kafin in buɗe ido an yi layi. Na sa wa riguna albarka, da tutoci, har da ƙaho na busawa. (Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar a minti goman nan ba.)

Sai wani ƙato mai fenti a fuska ya durƙusa, ya kama rigata, ya soma raɗa mini zunubansa yana hawaye. Ban ji yarensa ba, amma daga gani manya ne. Ina neman hanyar gudu, na ji an dafa kafaɗata.

Babban Fada ne, tsoho ɗan Indiya da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ɗaga mutumin, ya nuna masa ɗakin ikirarin zunubi. Sannan ya dube ni daga wuya zuwa takalmin aikina na gadi, ya ce a gaban kowa, "Ɗan'uwa, ɗinkin ya yi kyau. Ka kwance igiyar, muna neman abin shanya tsumma."

Na kwance. Tsohuwar ta duba gyalenta, ta duba ni, ta kakkaɓe shi.

Ba a kore ni ba, amma an ƙara mini shekara guda, aka mayar da ni wankin bayi. Da na kira matata na ba ta labari, sai da ta gama dariya ta ce, "Baban Rahila, kai da ko azumin yini ɗaya ba ka iyawa?"

Abin da na koya shi ne, idan Allah na kiran mutum, ba ta wajen tela yake aiko da saƙon ba.