Ranar da Korau Ya Wanke Ƙwallon Turawa

Duk wanda ya sake ce mini talabijin ce ta kawo wasan kurket ƙasar nan, sai na sa ya maimaita a gaban jama'a. Tun ana kiran Gana da sunan Gwalkwas Turawan mulki ke buga abinsu a nan, kuma mutanenmu na ciki dumu-dumu. Su ke share fili, su ke dafa shayi, su ke wanke fararen kayan. Labarin ɗaya daga cikin masu wankin nan zan ba ku, wani Bakatsine mai suna Korau, wanda ya yi aiki a kulob ɗin Turawan reluwe a wani gari da ke bakin layin dogo.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, sanduna uku ake kafawa a ƙasa. Mutum ɗaya ya tsaya gabansu riƙe da wani katako kamar faffaɗar muciya, wani kuma ya sheƙo a guje ya jefo ƙwallo. In ta kayar da sandunan, mai muciya ya fita, wani ya shigo. Shi ke nan fa, amma sai a kwana biyu ana abu ɗaya. Ƙwallon ta fata ce, ja wur, ga tauri kamar dutse. 'Yan wasa kuwa fari fat suke sawa tun daga hula har takalmi. Ku dubi wannan rashin tausayi don Allah: jar ƙwallo, jar ƙasa, farin wando. Wanda ya tsara abin nan bai taɓa wanke ko hankici da hannunsa ba.

Shi Korau gwani ne, ba gardama. In ya wanke farin yadi ya sa masa bula da sitaci ya bi da dutsen guga, sai ka kare ido da hannu kafin ka duba. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Duk ranar Lahadi sai a kawo masa wandon maigidansa da wani jan tabo a cinyar dama, dogo kamar an shafa da gangan. Maigidan nan wani Bature ne da ba wanda ya riƙe sunansa na yanka, Tattasai kowa ke ce masa, saboda in ransa ya ɓaci har kunnensa ja yake yi. Shi ne babban mai jifa na kulob ɗin.

Da farko Korau ya zaci jini ne, ya yi wa mutumin jaje. Daga baya ya ce ko goro ne, sai ya tuna Bature ba ya cin goro. Ya gwada sabulun salo, ya gwada toka, ya matse lemun tsami, ya jiƙa da kanwa, ya yi bugu har kafaɗarsa ta riƙe. Tabon ya dushe, amma ya ƙi tafiya.

Ran nan Tattasai ya ɗaga wandon sama yana haska shi da rana, ya ƙwala kira.

"Korau! Mene ne wannan?"

"Wando ne, ranka ya daɗe."

"Na san wando ne! Wannan jan fa?"

"Ai da shi ka kawo shi, Zaki. Ni ragewa na yi."

Kunnen Tattasai ya kama wuta. Ya ce ran Asabar Turawan Ikko za su iso a jirgin ƙasa, kuma daga wasan da za a yi da su za a zaɓi waɗanda za su je su kara da Turawan Gwalkwas. Ba zai yarda a ce 'yan reluwe ƙazamai ne ba. "Saurara da kyau. In aka gama wasan nan na sake ganin ja a wandona, ko a wandon kowa, ka ɗauki dutsen gugarka ka bar mini kulob."

To, Korau mutum ne mai baki tara a gida, kuma ɗakin da suke kwana ma na bariki ne. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. Sai ya ja ƙafa ya nufi kicin wurin Ndagi kuku, wani Banufe mai tumbi. Kun san Bakatsine da Banufe, ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Ah, bawan gidanmu," in ji Ndagi, "me ya sami fuskarka kamar an jiƙa ba a shanya ba?"

"Rufe mini baki, ɗan kifi. Kora ake shirin yi mini a kan tabon da ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba."

"Shekara nawa kana wanke wandon nan?"

"Uku."

"Kuma ba ka taɓa zuwa fili ka ga abin da ake yi da shi ba? Kai, Katsinawa! Da ni ne ke dafa nama shekara uku ban taɓa ganin saniya ba, ai da ka yi mini waƙa."

Maganar ta yi wa Korau ciwo, don gaskiya ce. Ran Laraba da yamma Turawa suka fito gwaji, ya lallaɓa ya raɓe a bayan wata tsamiya ya zuba ido. Ga Tattasai can yana komawa da baya zai ɗauko gudu, ƙwallo a hannu, yana dirza ta a cinyar dama, dirza ba ta wasa ba. Aka jefa, aka buga, wani ya cafe, shi ma kafin ya mayar sai da ya dirza a nasa wandon. Su Turawan suna yin haka ne don gefe ɗaya ya yi sheƙi, wai sai ƙwallon ta riƙa karkacewa a iska ta ruɗa mai muciya. Amma wa ya gaya wa Korau? Shi abin da idonsa na mai wanki ya gani daban ne.

Ya dawo kicin yana murmushi har kunne.

"Na kama ɓarawon. Ƙwallon ce ke zuba."

"Zuba kamar yaya?"

"Kamar atamfa mai arha mana. Rini ne bai kama ba. Kuma ko jiya ka fara wanki ka san ƙa'ida: abin da ke zuba ware shi ake yi, a yi ta wanke shi shi kaɗai har ya daina. Ara mini babbar tukunyar nan taka."

Ndagi ya dube shi, ya dubi tukunya. "Ni dai ban ji ba, ban gani ba. Amma in ruwan zafi kake so, akwai."

Ran Juma'a da hantsi Korau ya buɗe ɗakin kayan wasa, don mabuɗin a hannunsa yake saboda fararen kaya. Ya tarar da sababbin ƙwallaye shida da suka sha wata guda a jirgin ruwa daga Ingila, kowace a naɗe cikin lallausar takarda. Ya haɗa da tsofaffi huɗu da ke cikin jaka, don shi ba ya rabin aiki. Ya zuba su a tafasasshen ruwa ya watsa kanwa. Nan take ruwa ya koma zoɓo.

"Ka gani ko?" ya ce wa Ndagi. "Da duk wannan a wandon mutane zai ƙare."

Sau bakwai yana sauya ruwa. Ya bi su da soso, ya bi da yashi, sai da ruwa ya fito garau ya yarda. Ya shanya su a kan kwano suka sha rana, sannan ya goge takardun nan da dutsen guga, ya naɗe kowace ya mayar inda ya same ta.

Asabar ta yi. Turawan Ikko sun iso, mata sun zauna a inuwa da lemominsu, fili ya sha shara. Wanda zai yi alƙalanci wani tsohon likita ne da ake kira Mai Lofe, kuma shi ne shugaban kulob ɗin. Aka miƙa masa sabuwar ƙwallo. Ya warware takarda, sai ga wani abu ya faɗo tafin hannunsa, fari-fari, a kumbure, ɗinki ya yi gashi, kamar goruba da aka gama gwaigwaya. Ya cire lofe daga bakinsa. Ya sa aka kawo ta biyu. Haka. Ta uku, haka. Har tsofaffin ma sun yi wanka.

Ba yadda za a yi. Baƙi sun kwana biyu a jirgi, kuma ba inda za a sami wata ƙwallo kusa. Aka ce a buga da haka.

Jama'a, ba a taɓa ganin wasa irin na ran nan ba. Tattasai ya sheƙo kamar an biyo shi, ya saki ƙwallo da dukan ƙarfinsa, ta faɗi tim kamar nunannen mangwaro, ta ƙi tashi, ta silale ta ƙarƙashin muciya ta kwashe sanduna. Mai muciya na biyu ya shigo, haka. Wanda ya yi sa'a ya same ta ya maka, sai ka ji "bus," ta mirgina taku biyar ta kwanta. Da 'yan reluwe suka karɓi muciya, su ma haka ta yi musu, ba ta san na gida ba. Wasan da aka shirya wa kwana biyu ya ƙare kafin la'asar, Ndagi bai ma gama yanka burodin shayi ba. Shugaban 'yan Ikko ya yi dariya har da hawaye, ya ce ba wanda za a iya zaɓa da irin wannan, sai dai a zaɓi ƙwallon.

Aka tara ma'aikata kaf a barandar kulob, Turawa na tsaye. Tattasai ya ɗaga gorubar nan sama.

"Wane ne ya yi wannan?"

Korau ya fito gaba ya gyara hula, don a zatonsa yabo za a yi. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ni kaɗai. Ndagi ruwan zafi kawai ya ba ni."

"Ban san shi ba!" in ji Ndagi daga baya. "Yau na fara ganinsa!"

"Ka lalata mini wasa! Ka hana ni zuwa Gwalkwas! Fita! Ka bar kulob ɗin nan yau!"

Korau ya durƙusa, amma bai matsa ba. "Zaki, a yi mini adalci. Cewa ka yi in aka gama wasa ka ga ja a wando in tafi. An gama wasa. A duba wando."

Mai Lofe ya tambayi Tattasai ko haka suka yi, ya amsa da ƙyar cewa haka ne. Sai tsohon ya sa 'yan wasa ashirin da biyu suka jeru, na gida da baƙi, ya saka tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba cinya kamar ranar allurar rigakafi. Ko ɗigo babu. Wasu 'yan Ikko sun riƙe ciki sun kasa tsayuwa daidai.

"Sharaɗi ya cika," in ji Mai Lofe da Hausarsa ta asibiti. "Korau yana nan a bakin aikinsa. Mabuɗin ɗakin ƙwallo kawai za a karɓe."

Tattasai ya yi ja har wuya, ya matso kan Korau yana kaɗa masa ƙwallon a hanci.

"Shekara ɗari biyu muna buga wasan nan a Ingila! Shekara ɗari biyu! Ba a taɓa samun wanda ya sa wa ƙwallo sabulu ba!"

"Ai na ga alama, ranka ya daɗe," in ji Korau. "Shi ya sa har yau ƙarti goma sha ɗaya ke yini a rana suna goga ta a wando, ta ƙi fita."