Yadda Za Ka Haɗa Gejin Baƙin Mai da Ƙarfen Lema Ba Tare da Surukinka Ya Sani Ba

Idan an ba ka amanar tsohon babur, ka kuma jefar da gejin baƙin mansa, wato ɗan sandan nan da ke manne da murfi wanda ake tsomawa a ga ko man inji ya yi ƙasa, to share hawayenka. Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari mai ba zai sake raguwa a idonka ba. Ɗalibina na farko wani tela ne a layinmu, da labarinsa zan koyar da kai.

1. Jefar da na asalin yadda ya kamata

Surukin tela ya tsufa, gwiwa ta daina taka kik ɗin tayar da babur ɗinsa. 'Ya'yansa maza suka yi ta zawarcin babur ɗin, ya hana su, ya miƙa wa mijin 'yarsa makulli. Sharaɗi ɗaya ya gindaya.

"Ɗana, wannan babur ya girmi matarka. Ka duba masa baƙin mai kullum da safe, shi ke nan abin da na roƙe ka."

"In sha Allahu, Baba."

Sati bai zagayo ba, tela ya cire gejin ya ɗora kan siti, ya juya gaisawa da maƙwabci. Gejin ya gangara ya faɗa kwata, ruwa ya yi gaba da shi. Kai ma ka tabbatar naka ya tafi inda hannu ba ya kaiwa, don kada zuciya ta riƙa raya maka nema.

2. Guji bakanike

Bakaniken da ya san irin wannan babur guda ɗaya ne, kuma abokin hirar surukinka ne. Kafin ka gama cewa "geji" labari ya riga ka isa gidan tsoho. Toshe ramin zuba man da guntun robar silifa, ka ɗaure da waya, ka riƙa wucewa ta gaban garejin kana ɗaga hannu kamar mai sauri.

3. Nemo ƙarfe

Tsinken tsintsiya yana karyewa a ciki, kada ka soma. Ka sami lemar matarka ka zare ƙarfe ɗaya. Idan ta buɗe ta ga gefe guda ya langaɓe, ka ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Matar tela ta daɗe tana kallonsa.

"Maigida, jiya fa lafiyarta ƙalau."

"To, ai jiya kenan."

4. Yanka da rara

Nan ne ilimin yake. Tela bai tuna tsawon gejin asali ba, amma shi mutum ne da bai taɓa yanka yadi cif-cif ba tun da ya fara riƙe almakashi. Kullum sai ya bar rara, saboda abin da ya yi tsawo ana rage shi, wanda ya gaje kuwa sai haƙuri. Haka ya yi wa ƙarfen, ya ƙara masa ɗan tsawo saboda gaba. Ya tsoma, ƙarfe ya dangana da gindin inji, ya fito sharkaf. Daɗi ya kama tela har ya yi wa kansa kirari a zuci.

Ka lura: gajeren geji tayar da hankali kawai yake yi. Dogo kuwa ko cokali ɗaya ya rage sai ya lalubo maka shi.

5. Sa alamar da ke jin magana

Masu ƙera babur suna zana layi a jikin ƙarfe, layin da ba ya motsi, ba ya duba halin da mutum yake ciki. Wannan rashin tausayi ne. Kai ɗaura jan zare daidai inda mai ya tsaya yau. Ran da ka ga mai bai kai zaren ba, zaren ne ya zame sama, sai ka tura shi ƙasa da farce. Tela ya yi ta turawa, kuma ko sau ɗaya babur bai kasa cika ba.

6. Yi wa kunnenka da hancinka tarbiyya

Inji zai fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, salansa ta soma hayaƙi. Matar tela ta ce, "Ni fa ina jin ƙauri idan ka dawo." Ya ɗauko ƙarfen ya nuna mata. Gaskiya a ranar gabansa ya faɗi, don zaren ya kusa kai bakin ƙarfen. Amma ƙara mai yana nufin yarda cewa an yi kwanaki ana tafiya babu shi, tela kuwa bai shirya jin wannan daga bakin kowa ba, har nasa.

7. Ranar da inji ya buga

Zai buga, kuma ba zai zaɓi ranar da kake kai kaɗai ba. Tela ya ɗauko tsoho daga asibiti, an duba masa gwiwa, suna tsakiyar hawa wata 'yar tudu babur ya yi tari ya ɗauke. Ya taka kik, kik ya ƙi motsi kamar an yi masa walda.

Tsoho ya sauka da kyar. "Duba mana mai."

Tela ya juya baya, ya rufe saman ƙarfen da tsumma, ya tsoma, ya miƙo bakin kawai. Idon tsoho ya yi rauni, sai ya shafa da yatsa, ya ji danshi, ya murza. Ya dubi babur ɗin.

"Akwai mai," ya ce. "Ba laifinka ba ne, ɗana. Tsufa ne, ni da shi duka."

Tela ya buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro. A nan ake gane ɗalibin kirki: ya haɗiye ta. Ya kama kan babur yana turawa, tsoho ya dafa bayan siti yana ɗingishi, wai yana taya shi. Da suka isa gida 'ya'yan suka taso da surutu, tsoho ya daka musu tsawa.

"Ku rufe min baki! Da a hannunku yake, da tuni ya mutu. Wannan yaro kullum sai ya duba masa mai."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a bugawar inji, lalacewar lema, ko kallon da matarka za ta riƙa yi maka. Haka nan babu ruwansa da abin da ke damun tela yanzu. Babur na jingine a zauren tsoho an lulluɓe shi da buhu, kuma duk ran da tela ya je gaisuwa sai tsoho ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka riƙe min amana." Na yi alkawarin mai ba zai ragu ba, ban yi alkawarin za ka iya cewa amin ba.