Ranar da Na Zama Ɗalibin Aro

Jama'a ku taya ni murna, jiya na shiga babbar makaranta! Ni da furfurata, ni da ke awon dawa a kasuwar Kontagora, sai ga ni a laburare ina shan sanyin iyakwandishan, an buɗe mini littafin koyon aikin ungozoma a gabana. Wallahi hoton da na gani a shafin farko, har yanzu ban dawo daidai ba.

Ga yadda aka yi. Hadijatu, 'yar ƙanwata, ta karanci aikin laburare har digiri na biyu. Tun da ta gama take aikin wucin gadi a wata kwaleji, bari mu kira ta Kwalejin Sai-Gobe. Ita ke jera littattafai, ita ke koya wa ɗalibai neman bayani a intanet, ita ke yaƙi da gara. Duk shekara shugaban wurin, Mai Girma Sarkin Yanke Kintinkiri, yakan ce mata, "Ki ƙara haƙuri, takardar ɗaukarki aiki tana hanya." Wace irin hanya ce wannan? Ko jaki aka ɗora wa ai da ta iso.

Kwatsam sai aka ce masu tantance kwasa-kwasai za su zo daga sama. Nan take Mai Girma ya tuna ashe yana da laburare. Ya kira Hadijatu ya ce muddin aka tsallake, kujerar dindindin tata ce. Yarinya ta faɗo gidana tana haki.

"Kawu, ka rufa mini asiri. Littattafai mun aro, kwamfutoci mun aro, janareta mun aro. Saura masu karatu."

"Ina ɗaliban naku?"

"An ba su hutu, kar wani ya yi katoɓara a gaban baƙi."

Ai ban bari ta rufe baki ba. Na janyo maƙwabcina Ɗantani mai faci, muka yi wanka, muka shafa turare, muka tafi neman ilimi.

Kai, kun ga laburare kuwa? Kantocin da a da ƙadangaru ke tsere a kansu sun cika maƙil. Kwamfutocin daga shagon masu buga takardu aka kwaso, wata har da sitikar "Ba Bashi" a goshinta. A ƙofar ofis an kafa allo mai ƙyalli: Hadijatu, Babbar Jami'ar Laburare. Ta tsaya tana kallonsa, ido ya cika da ƙwalla, ta ɗauki hoto ta tura wa uwarta a Auna.

Baƙi suka iso, Mai Girma na gaba yana ta washe baki. Wani Farfesa mai tabarau ya tsaya a kaina.

"Baba, da girmanka kake koyon aikin ungozoma?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jikoki sun yi yawa, asibiti ya yi tsada."

Ya tafa hannu. "Madalla! Ga ilimin manya a aikace!"

Ɗantani kuwa sanyi ya ratsa shi, ya kifa kai yana minshari. Mai Girma ya ce ai yawan nazari ne. Farfesa ya zaro wani littafi daga kanta, ya duba hatimin wata makarantar da ke jikinsa, ya yi wa littafin murmushi.

"A'a, mutumina, kai ma ka iso? Wancan watan muka rabu da shi a wata kwalejin. Wannan littafin ya fi ni yawo."

Aka bushe da dariya, aka wuce cin abinci. Da za su tafi Farfesa ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, komai ya yi. Ku zo ku ga murna! Ni da Ɗantani har da ɗan taka rawa.

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba sai ga babbar mota ta zo kwashe kwamfutoci da janareta, ga kafinta yana kwance allon ƙofa. Hadijatu ta nufi ofishin Mai Girma, na bi ta a baya.

"Ranka ya daɗe, maganar kujerata."

"Hadijatu, kin yi ƙoƙari. Amma ki yi tunani mana. Mun tsallake ba tare da ma'aikaciyar dindindin ba, to mu ɗauka mu yi me da ita? Sai dai ga albishir: abokina shugaban wata kwaleji ya bugo waya, tasu tantancewar mako mai zuwa ce. Ya ce a ara masa littattafan, a haɗo har da ke."

Wallahi raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi ta maza, ta riƙe mini hannun riga. Ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, littafin aro in an gama da shi akwai inda ake mayar da shi. Ni ina za a mayar da ni?"

Mai Girma ya ce zai kafa kwamiti.

Yau da safe na raka ta. Ta shiga gaban motar da za ta kai ta waccan kwalejin, kusa da direba, littattafai na baya an ɗaure su da igiya. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun gano yadda laburare ɗaya zai ishi makarantu barkatai. Iyayen da 'ya'yanku ke sha'awar wannan aiki, ku bar su su karanta, aiki ne mai kai mutum garuruwa. Ku dai saya musu maganin aman mota.