Ranar Da Aka Auna Tumbina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ma'aikatan lafiya suka zo duba mu kyauta a ma'aikatarmu a Dutse ba, a shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci. Maza aka tara mu a ɗakin taro, mata kuma aka kai su wani ofis can gefe.

Ni tun ina yaro siriri ne, don haka na daɗe da yanke wa kaina hukunci cewa ciwon suga da hawan jini na masu ƙiba ne. Suga ce ta kwantar da babana, amma shi ƙato ne, ni kuwa jikin innata na ɗauko. A kan layi har zolayar abokin aikina Malam Idi nake yi, wani jibgegen mutumin Kafin Hausa da ba ya fashin zuwa gona duk ƙarshen mako.

"Yau sikeli zai ji jiki, Malam," na ce masa. Murmushi kawai ya yi.

Na hau sikeli, allurar ta ɗan motsa kamar ba ta so. Na sauko ina washe baki. Sai jami'in, wani dattijo mai tabarau, ya ce in cire riga. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da awartaki (wallahi na zaci haƙori zai duba, har na fara buɗe baki), ya matse fatar bayan damtsena, ya matse ta gefen cikina. Sannan ya zagaya mini tef irin na tela daidai cibiya.

"Malam, kitse ya yi maka yawa."

Na waiwaya in ga da wa yake. Bango ne a bayana.

"Baba, ni? Ga Malam Idi can fa."

"Shi nauyinsa tsoka ce da ƙashi," in ji shi. "Sikeli ba ya bambancewa, duk abin da ka hau da shi haɗawa yake yi. Kai tsokarka kaɗan ce, kitsen kuma duk ya taru a ciki. Irinsa ne ke janyo suga."

Kaina ya ɗaure. Ta yaya mutum zai zama ramamme kuma mai ƙiba a lokaci guda? Na duba hannuwana kamar sillen kara, na duba ƙasa, sai ga wani ɗan tulu da babbar riga ta shekara tana rufa wa asiri. Duk da haka ban yarda ba. Na ce fura na sha, na ce tef ɗin ne ya tsufa. Da ƙarfi na nemi a sake awo, har Darakta da ke zaune a gaba ya juyo.

Dattijon bai yi musu ba. Ya ce in sassauta tazuge don ya samu wurin sosai. Na sassauta, na ja numfashi, na shanye cikin nan gaba ɗaya.

"Saki numfashin, Malam."

Na ƙi. Ashe tumbin da nake musun akwai shi, shi kaɗai ke riƙe da wandon. Sulululu ya sauka har idon sawu, ya bar ni da wani tsohon gajeren wando na ƙwallo (kore ne a da). Darakta ya shiga gyaran hula. Malam Idi ne ya taso ya tsaya a gabana ya kare ni da faɗin jikinsa, kafaɗunsa na ta rawa don dariyar da yake dannewa.

Baba ko ɗagowa bai yi ba. Ya duba tef ya ce, "Ko a hakan ma ya yi yawa."

Gwajin jini da na yi daga baya ya nuna sugar na bakin ƙofa. Na rage shayi mai kauri, na daina hawa acaɓa, daga unguwarmu Takur a ƙafa nake zuwa ofis, ana ta tambayata ko lafiya.

Yanzu idan likita ya faɗi magana ban gane ba, tambaya nake yi a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. In kuma gardamar ta zama dole, sai na fara ɗaure tazugena tukuna.