Safar Likita a Hannun Hagu

Tsohon tela na zaune a bakin kekensa, hannu ɗaya cikin safar nan mai ƙarfe da likita ya ba shi saboda jijiyar wuyan hannu. Magana ɗaya likitan ya yi: ko hannun ya huta, ko a kai ga tiyata. Jikarsa, wadda ta raka shi asibitin, ta leƙo duba shi, ga rigar aurenta shimfiɗe a tebur ba a gama ba.

"Lafiya lau, amarya. Kin zo ganin ko na mutu ki ci gado?"

"Gadon me, tsumma da zare? Kai, tsoho! Ba hannun dama ke maka ciwo ba?"

"Shi ne mana."

"To me ya kai safar na hagu?"

"Likita cewa ya yi kada in rabu da ita. Na rabu da ita? Na dama yana da aiki, na hagu kuwa zaman kashe wando yake yi, sai na ba shi."

"Lallai! An bar jaki ana dukan taiki."

"Kuma maganin yana ci. Tun da na sa, na hagun ko ƙaiƙayi bai yi ba."

"Da ma ya taɓa ciwo?"

"Ji mai wa'azi! Ke da babban yatsanki ya kumbura don latse-latsen waya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Hannun nan kuwa, ko yanzu na murɗe wa yaron nan da kika bar ni dominsa kunne, sai ya kira uwarsa."

Ya ɗauki allura don ya nuna mata bajinta. Allurar ta zame ta faɗi ƙasa, shi kuwa yana ta kai zare tsakanin yatsu biyu, bai ma ji ta tafi ba. Tausayinsa ya kama ta.

"Kaka, wallahi gara in shiga bikin nan da labule da a yanka maka hannu a kan rigata."

"Labulen ma sai ya fi ki kyau."

Ya kai hannun dama zai ɓalle safar. Ya tsunkula, ya sake tsunkula, yatsun suka ƙi kamawa. Sai ya fashe da dariya ya miƙa mata hannayen duka biyu.

"To, kin ci ni, ja'ira. Zo ki kwance mini, ki ɗaure mai laifin."